Zuwa ga Malam, Game da Motar da Ta Ƙi Tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga maigidana, Malam, Baban Asma'u.

Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake iya aika wa wanda ya riga shi tafiya, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Ba zan tambaye ka gajiya ba, ba zan tambaye ka aiki ba, duk ka huta da su. Mu dai muna nan Batsari, a gidan da ka bar mu. Asma'u da Jidda suna lafiya, suna zuwa makaranta. Mahaifiyarka Inna tana Yasore, ƙafar nan ce dai ke damunta kamar yadda ka sani. Ni kuma har yanzu ƙaramin asibitin nan na Safana nake aiki, in tafi Litinin in dawo Alhamis.

Na san ba kai za ka karanta ba. 'Yan'uwanka ne za su karanta, da malaman makarantarku, da ɗalibanka da suka girma, da ma waɗanda ba su taɓa ganin fuskarka ba. Su karanta. Na fi shekara ina riƙe da wata magana, kuma ba zan iya faɗinta ba sai da kai nake yi.

Maganar motarka ce.

Ka tuna lokacin da aka sayar da gonar mahaifinku ta wajen Ruma? Damina uku ba wanda ya sa mata fartanya, don ta yi kusa da daji, wanda ya je da safe ba shi da tabbacin zai kwana gida. Kai da wanka Yaya Mamman kuka ga gara a rabu da ita, aka ba kowa rabonsa. Ni kuwa na riga na gama gini a zuciyata. Fili nake so a Katsina, ko ɗaki biyu ne a kai, inda yaran nan za su yi karatu ba tare da muna kasa kunne ga ƙarar babura ba. Na faɗa maka. Ka ce, "In sha Allahu, Maman Asma'u, za a duba." Na ɗauka alkawari ne.

Bayan sati biyu ka tafi Kano, ka ce taron malaman fasaha za ka. Ranar Lahadi da la'asar, tun daga kwanar unguwa na jiyo wata ƙara da ban taɓa ji ba, ba ta mota ba, ba ta babur ba. Na leƙo zaure sai ga abu ja jawur, cikinsa kamar zai shafi ƙasa, kai kuma kana ƙoƙarin fitowa daga ciki, gwiwa na bugun sitiyari, baki har kunne.

'Yar kwatano ce. Wani ya more ta a ƙasar Turawa, wani ya ƙara morewa a Legas, sannan ta faɗa hannun dillalin da ya kalle ka sau ɗaya ya gane irinka. Irin motocin nan ne na 'yan gudu. Ƙofofin baya ƙanana, a juye suke buɗewa, kuma sai an fara buɗe na gaba. Buhun gero ɗaya ba ya shiga but ɗinta. Kafin magariba unguwa ta raɗa mata suna Kwaɗo, don gajartarta da faɗin bakinta.

Ban ba ka kunya a gaban mutane ba. Na kawo maka ruwa, na ce Allah Ya sanya alheri, Ya tsare. Na koma ɗaki na zauna bakin gado, na daɗe ina kallon bango.

Da dare ka yanko kwali mai kusurwa uku, ka ɗauko kwanon miyata, ka zaunar da ni da yara kamar 'yan ajinka. Ka ce duk motocin da ke Batsari fiston ne a cikinsu, yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. Wannan kuwa ko ɗaya ba ta da shi. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin gidansa, shi ke shaƙo mai, shi ke matse shi, shi ke tura hayaƙi waje. Rotari sunan injin. Ka yi ta juya kwalin nan cikin kwano, Jidda na tafa hannu. Ka ce shekara ashirin kana zana shi a allo, ba ka taɓa ganinsa da ido ba. "Ki bar ni in taɓa shi da hannuna," haka ka ce. Ni kuwa ina tunanin gonar da kakanku ya sare da gatari ce ke juyawa a cikin kwanon.

Ba a yi sati ba na ga ka ɗaga bonet kana ƙara baƙin mai. Na ce ai ga shi nan, mai yoyo aka sayar maka. Ka ce ba yoyo ba ne, haka aka ƙera ta, da gangan take tsotsar baƙin mai tana ƙonawa tare da fetur don ya jiƙa mata kusurwoyin nan. Aikin asibiti nake yi, amma ban taɓa jin inda aka haifi abu da cuta aka ce lafiyarsa ke nan ba. Galan ɗin baƙin mai ya tare a but, ya cinye ɗan wurin da ya rage.

Shan fetur kuwa ba a magana. 'Yar mitsitsiya da ita, tana sha kamar bas ɗin haya. Da mai ya yi tsada sai ka koma hawa tsohon babur ɗinka zuwa makaranta, ita kuma tana kwance ƙarƙashin bedin ƙofar gida, kana wanke ta kowace Juma'a kamar za ta masallaci.

Ka tuna karon farko da ka je ɗauko ni Safana? Mun tsaya gidan mai, ka kashe ta, aka zuba, ka murza makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Ka sake, ta sake. Masu babura sun yi layi bayanmu suna ta oda, har aka taru aka tura mu gefe. Ina zaune cikin rana da farar rigar aiki, abokan aikina suka wuce cikin motar haya suna ɗago mini hannu. Kai kuma ko a jikinka. Ka ɗaga bonet, ka sayo mana rake, ka ce, "Ba lalacewa ta yi ba, zafi ta ɗauka. Ki ba ta minti ashirin." Da ta huce kuwa, murza ɗaya ta tashi, ka kalle ni kamar ka ci gasa.

Daga baya ka amsa mini cewa wasu 'yan siraran ƙarafa ne a bakin kusurwoyin suka cinye, in injin ya yi zafi iska na zurarewa ta gefensu. Na tambaye ka da wane lokaci dillalin ya ce ka je ka gwada ta. Ka ce da sassafe. Ai ya san abin da yake yi.

Tun ranar, in muna hanya ba ka kashe ta. Ko salla za ka yi sai ka bar ta tana ruri a bakin titi. Motar da aka saya don gudu, a ƙasar da gudu ke ceton rai, ita ce in ta tsaya sai an roƙe ta.

Garba bakanike, wanda duk Batsari ba motar da ta taɓa gagararsa, ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, ina sauran injin?" Ka yi ta dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Ya goge hannunsa ya ce shi dai bai san inda zai taɓa ba, kuma duk jihar nan ba ya jin akwai wanda ya sani. Filoginta ma ba irin na kowa ba ne. Wata biyu tana ajiye kafin a aiko maka da su daga Legas.

Wata rana wata tsohuwa daga Babban Duhu ta kawo jikarta rigakafi. Tana ɗaure goyo ta rage murya ta ce, "Malama, mijinki ne mai jar motar nan? Ki ce masa ya rage yawo da ita. Ana ganinsa." Ranar Alhamis ko mayafi ban cire ba na faɗa maka. Ka ce, "Wanda ya sace ta ma da kansa zai dawo mini da ita." Amma na lura daga nan ba ka ƙara nufar ƙauye da ita ba. Dama ba ta iya hanyar ƙasa, kowane tudu sai ya daki cikinta.

Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai rana ɗaya. Safiya ce ta damina, an kwana ana ruwa, muna kan hanyar Katsina, kwalta a wanke, dawa ta yi kore shar hagu da dama. Ka ce motar nan ba ta son lallaɓa, in ba a taka ta ba baƙi ke taruwa ya toshe ta. Sai ka taka. Ƙarar ta yi ta hawa, ta yi ta siririncewa, babu jijjiga ko kaɗan, kamar ba a ƙasa muke ba. Mayafina ya zame, na ji ina dariya ban san lokacin da na fara ba. Ka juyo ka ce, "Kin ji ta ko?" Na ji ta, Malam. Sau ɗayan nan na gane abin da ka saya. Da muka dawo gida na koma fushina, don ban so ka ɗauka ka yi daidai.

Kai ka matsa sai na koyi tuƙi. Ka ce mace mai aiki a wani gari ba ta zama sai an kai ta. Duk Asabar da yamma ka kai ni filin makarantarku, har na iya giya, na iya ribas. Ranar ƙarshe ka ce saura doka biyu. Ta farko: in aka tashe ta da sanyi, kada a kashe sai allurar zafi ta kai tsakiya. In aka kashe da wuri, fetur zai kwanta mata a ciki, ta shaƙe, ta ƙi tashi. Ka ɗaga yatsa na biyu ka ce, "In kuma ta riga ta shaƙe..." Sai na katse ka. Na gaji, ga rana, ga girki na jirana. Na ce, "Malam, ya isa haka. Ni ba ɗalibarka ba ce. Ka rubuta ka ajiye wa mai buƙata." Ka sauke yatsan ka ce, "To, zan rubuta."

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, ko kuwa ka sani ba ka samu bakin faɗa ba.

Asabar ɗin nan ta kaka, ka tafi ɗaurin aure Ruma kan babur. Da hantsi Inna ta aiko da gero da wake a amalanken shanu, motarka kuma ta tare ƙofa. Mai amalanken na sauri, shanu na ta cin ganyen bedi. Na ɗauko makulli, na tashe ta, na ja ta gaba taku kaɗan. Na ga allurar a kwance can ƙasa. Na tuna dokarka sarai, kalma da kalma. Ba mantuwa na yi ba. Na ce a raina ni ba zan zauna ina ƙona fetur ina jiran ƙarfe ya ji ɗumi ba. In ta ga dama ta shaƙe, gobe ya sha fama da abarsa. Na kashe, na mayar da makulli kan ƙusa. Ka dawo da yamma a gajiye, kana cewa kanka na sara. Na ba ka magani, na tambaye ka ko kana shan na hawan jininka, ka ce kana sha. Ban faɗa maka na taɓa motar ba.

Lahadi da safe kana kan tabarma a tsakar gida, na miƙa maka koko. Kofin ya suɓuce daga hannunka na dama. Na ɗago zan yi magana sai na ga bakinka ya karkace. Na kira ka, ka buɗe baki, wata murya ce ta fito, ba magana ba. Aikina ne, na gane abin nan take. Na kuma san irin wannan ciwo da lokaci yake tsere, kuma maganinsa ba a Batsari yake ba.

Asma'u ta ruga ta kira maƙwabcinmu Malam Sale tela. Muka cicciɓe ka muka sa a kujerar gaba. Na shiga, na yi bisimilla, na murza. Ta yi tari. Na sake. Ta yi tari, warin fetur ya cika motar. Na yi ta murzawa, ina salati, ina kuka, ina dukan sitiyari.

Kai kuma kana ta buga ƙafarka ta hagu, wadda ta rage da rai, a ƙasan motar. Ka ɗaga, ka danna, ka riƙe. Ka ɗaga, ka danna, ka riƙe. Na ɗauka zafin ciwo ne. Na miƙa hannu na danne maka gwiwa, na ce, "Sannu, Malam, yi haƙuri, daina wahalar da kanka." Ka fizge, ka ci gaba. Na sake dannewa, da ƙarfi wannan karon. Sai ka bari.

Batir ya mutu a hannuna. Maza suka taru suka tura, yashin layinmu ya riƙe ta. A ƙarshe kan babur aka ɗora ka, Malam Sale a gaba, wani a baya yana riƙe da kai, ƙafarka ta dama na jan ƙasa, ni ina bin ku a guje ba takalmi.

A asibitin gari sun yi iya nasu, suka ce sai Katsina. Motar asibitin ta fita tun da asuba da wata mai naƙuda. Na aika tasha, aka ce labari ya shigo yanzun nan cewa hanya ba lafiya, direbobi sun ajiye motoci sai sojoji sun wuce. Lokacin da nake murza makullin nan, labarin bai ma iso ba tukuna. Muka zauna. Ina riƙe da hannunka ina kallon inuwa tana tsukewa a tsakar asibiti. Sai gab da azahar muka samu mota. Tafiyar da ba ta kai awa ba a motarka.

Likitan Katsina ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na faɗa masa. Ya dubi agogonsa, bai ce komai ba. Ni ma na sha yi wa mutane irin shirun nan, na san ma'anarsa. Kwana uku ka yi, ba ka ƙara furta kalma ba. Ranar Laraba da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

Masu gaisuwa sun yi ta zagin motar. Kowa da abin da yake cewa: ai mun faɗa masa, ai tarkace ce, ai dillalin nan Allah Ya isa. Ni ina zaune cikin takaba, kaina a sunkuye, ina amsa addu'a. Ba wanda ya tambayi wa ya taɓa ta ƙarshe, ni kuma ban ce ba.

Da na fita takaba, Yaya Mamman ya ce a nemo takardunta don rabon gado. Ganyen bedi ya rufe ta, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Na buɗe durowar gaba. A saman takardun akwai fallen littafin makaranta, an ninke biyu, da jan biron da kake gyaran jarrabawa da shi. Na haddace shi, ga abin da ka rubuta:

"Maman Asma'u, kin ce in rubuta, ga shi. In ta shaƙe, kada ki yi ta murza makulli haka kawai, ƙara shaƙe ta kike yi. Ki take totur har ƙasa, ki riƙe shi a nan, kada ki ɗaga. Yin haka yana datse fetur. Sai ki murza, ki ƙirga goma, ki huta, ki sake. Za ta yi hayaƙi, kada ki ji tsoro. In ba ta tashi ba, ki kira ni."

Ka danna, ka riƙe. Na karanta wurin nan sau uku. Ashe ba zafin ciwo ne ya sa kake buga ƙafar nan ba. Darasi kake ba ni, da abin da ya rage maka. Takardar tana gabanka, tazarar hannu ɗaya, a gefen da ya mutu. Ni kuma na danne maka gwiwa na ce ka yi haƙuri.

Na sa Garba ya kawo batir, na ce masu saye ne za su zo gani. Da ya tafi na bi rubutunka, ta tashi, hayaƙi ya cika layi. Amma na ce wannan ba hujja ba ce, ta daɗe a ajiye. Sai na maimaita abin da na yi ranar Asabar ɗin nan. Na tashe ta da sanyi, na ja ta taku kaɗan, na kashe. Washegari da safe na murza, ta yi tari, ta ƙi. Na take totur har ƙasa. A murzawa ta uku ta tashi. Ruwan shayin da na ɗora kafin in fito bai ko tafasa ba.

Sau huɗu na yi haka cikin wata ɗaya. Ina fata sau ɗaya ta ƙi, in samu abin riƙewa. Ba ta taɓa ƙi ba. Motar da ta kunyata mu a gidan mai, ta kunyata mu a ƙofar masallaci, ta kunyata mu gaban surukai, ranar da nake roƙon ta kunyata ka sai ta tsaya maka shaida.

Na san kwananka ne ya ƙare. Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji, kuma wataƙila ko mun isa da wuri haka za ta kasance. Malamai sun faɗa mini, ni ma ina faɗa wa wasu. Amma ka bar ni in yi fushi da kai, don ba ni da wani wurin kai shi. Me ya sa mutum mai hawan jini, mai 'ya'ya mata biyu, a garin da mota ita ce tsakanin rai da mutuwa, zai sayo abin da sai an karanta masa takarda kafin ya tashi? Duk motocin duniya, har akwalar da ake ɗaure ƙofarta da igiya, ka tashe su ka kashe, gobe su tashi. Kai sai ka zaɓo wadda ba ta yafe kuskuren minti ɗaya. Ka san matarka mai taurin kai ce. Ka san ina jin haushinta. Ka rubuta, ka ajiye a durowa, ba ka ce mini ga inda ka ajiye ba. Kai ma fushi ka yi ranar, ka ɓoye shi cikin "To."

Kuma ni ce na ce ka rubuta. Ni ce na sauke maka yatsa.

Yaya Mamman ya samo wani mutumin Kaduna mai sha'awar irinta, ya zo da babbar mota ya ɗora ta a baya. Ban fito ba. Jidda ce ta tsaya ƙofa har suka ɓace. Ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Watan jiya na shirya na tafi Yasore. Na ga bai kamata duniya ta ji kafin wadda ta haife ka ba. Na tarar da Inna a rumfa tana tsintar wake. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Safana da mutanenta, ta tambayi hanya. Sai na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga amalanke har zuwa gwiwarka. Ina jiran ta ce in tashi in bar mata gida.

Ba ta daina tsintar ba. Can ta ce, "Da yake buga ƙafar, ina yake kallo?" Ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Na rufe ido, na koma cikin motar. Na ce, ni yake kallo, Inna. Ta ce, "Har ƙarshe?" Na ce har aka fitar da shi. Ta hure ƙaiƙayi daga faifai ta ce, "To ni na haife shi. Tun yana ƙarami, in yana fushi da mutum ba ya kallonsa, ƙasa yake kallo. Tashi ɗiyata, ki ɗora mana waken nan."

Shekara goma sha shida ina zaune da kai, sai da ta faɗa na tuna haka ne. Na dafa waken, muka ci tare a kwano ɗaya, tana ture mini wajen da ya fi mai.

Ban ce na huce ba, Malam. Wata safiyar da kai nake tashi da fushi, wata safiyar da kaina. Amma tun daga Yasore, in na rufe ido ba ƙafarka kaɗai nake gani ba.

Ka yafe mini. Ni ma ina ƙoƙari, kuma in Allah Ya yarda zan kai.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya duk ɗalibin da ya koya wa sana'a a ma'aunin alherinsa. Ka sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Ka raya 'ya'yansa da albarka, Ka ba mahaifiyarsa lafiya da kyakkyawan ƙarshe. Ka kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, mai ciwo ya kama hanya a lokacin da ya kamata. Ni kuma Ka sassauta mini zuciya, Ka haɗa mu inda zai buɗe baki ya ƙarasa maganarsa, ni kuwa in saurara har ƙarshe. Amin.

Wassalam.

Matarka,
Maman Asma'u,
daga Batsari.